Kwali na Arba'in da Ɗaya

Litinin, 10 ga Yuni, ƙarfe biyar na yamma

Yau aka kawo takardun Bishop Kuramochi. Kwali sittin da uku, cikin ruwan sama. Shekara goma sha shida ke nan da rasuwarsa, duk tsawon lokacin suna jibge a rumbun bayan gidan ɗansa Hideaki, tare da tsofaffin tayoyi da buhunan taki. Yanzu da za a yi bikin cika shekara ɗari da haihuwarsa, sai kowa ya tuna cewa taska ce.

Taska! Kwalin farko da na ɗaga, gindinsa ya zube, kyankyasai suka watse a kan takalmina. Fumfuna ta cinye wa'azin Ista na shekara uku. Ɓera ya haihu a cikin wasiƙun Ingila.

Rabaran Nonomura, shugaban kwamitin bikin, ya tsaya a bakin ƙofa da hankici a hanci. Ya ce, "Malama Ushijima, aikin nan ba mai iya shi sai ke. Shekara goma sha bakwai kina sakatariyarsa, ke kaɗai ke gane rubutunsa." Ya miƙo mini mabuɗin ɗakin da yatsa biyu. Yana son jerin abin da ke cikin kowane kwali kafin ranar bikin, 14 ga Yuli. Ko kwali ɗaya bai taɓa ba.

Da na koma gida, Yaya Sumie ta tare ni a ƙofa. "Toki, tuɓe a nan, warin kabari kike yi. Shekararki sittin da tara, a rasa mai kwashe kashin ɓera sai ke?"

Na ce aikin Ubangiji ne.

Ta ce, "Ubangijin ne ya ce miki matasa sun ƙare masa?"

Laraba, 12 ga Yuni, tsakar rana

Ruwa bai tsaya ba. Na gama kwali ashirin da tara. Na yi wanka biyu jiya, har yanzu warin yana gashina.

Alhamis, 13 ga Yuni, ƙarfe huɗu

'Yan taimako sun fara zuwa. Tsofaffin masu hidimar coci biyu, kowa shi kaɗai, kowa da ɗan kwalin alewa. Na farkon ya zauna yana yabon marigayi har ya yi ƙwalla, sannan ya rage murya. "Malama, in kin ci karo da wata 'yar takarda tawa ta shekarar zaɓen bishop, ba komai ba ce, ƙuruciya ce kawai. Ai ba sai ta shiga jeri ba."

Tun jiya na ci karo da ita. Shafi huɗu, yana kai sukar babban amininsa, wanda daga baya shi ya yi wa'azin jana'izarsa yana sheshsheƙa. Na biyun ma irin roƙon nan ya kawo. Na ce wa kowannensu ban gani ba tukuna, na kuma sa takardun a jeri da lambarsu.

Alewar na bar wa kyankyasai.

Tir da manya.

Juma'a, 14 ga Yuni, ƙarfe uku

Kwali na arba'in da ɗaya. Tun kafin in juya shi na gane shi da hanci, warin maganin nan da ake turara wa duk abin da zai fito daga can. A jikinsa kalma ɗaya: Tsibiri. Rubutuna ne, lokacin hannuna bai fara rawa ba.

Na tura shi ƙarƙashin tebur da ƙafa, na wuce na arba'in da biyu.

Lahadi, 16 ga Yuni, bayan sujada

Rabaran ya ɗaga hoton da za a sa a bangon littafin biki, mutane suka yi ta gyaɗa kai. Hoton nan ne da kowa ya sani: Bishop a majami'ar tsibiri, ba safar hannu, ya ɗora shi a kan wani mai cutar kuturta. Rabaran ya ce, "Uban kutare. A lokacin da hukuma ke kulle su a tsibiri har mutuwa, danginsu ma suna goge sunayensu, shi ya taɓa su da hannunsa." Wata a gabana ta share ido.

Ni ce nake karɓar akwatinsa idan ya dawo daga tsibiri. A bayan ofis yake ajiye shi, ba ya shiga da shi. Rigar ciki a ƙone, ta sama a dafa ta a tukunya sau biyu. Shi kuwa kwana uku ba ya ɗaukar abinci da wannan hannun.

Ban tashi na faɗa ba. Na rera waƙar rufewa da kowa.

Talata, 18 ga Yuni, ƙarfe biyu

Na kai ga littattafan da yake rubuta al'amuransa na kowace rana. Guda hamsin da ɗaya. Yawanci ciwon ciki ne da ƙorafi kan masu dafa masa abinci. Na fara da na shekarun da yake ƙaramin mai hidima, yana riƙe da gidan renon yara na ikilisiya, inda ake kai 'ya'yan waɗanda aka kwashe zuwa tsibiri.

Watan Mayu, 1960: "An kawo yarinya 'yar shekara biyu, Chizu. Uwarta, Hayami Misao, ta miƙo mini ita a bakin jirgin ruwa, ta sa na yi alkawari."

Hayami Misao.

Na rufe littafin na tafi gida da wuri. Yaya ta ce, "Lafiya? Kamar kin haɗiyi ƙuda."

Laraba, 19 ga Yuni, da hantsi

Ban buɗe kwalin ba.

Alhamis, 20 ga Yuni, ƙarfe biyar

Fabrairu, 1963. Layi biyu ne kacal: "Chizu ta cika da asuba. Ƙyanda. Ba za a sanar da tsibiri ba." Bayan wannan an yanke shafi uku da reza, daidai gindin ɗinki, aikin mai natsuwa. Shafin da ya biyo baya maganar gyaran rufin majami'a ce.

Na karɓi mabuɗin ɗakin ƙasa na coci, inda muke ajiye tokar matattu bayan an ƙone gawa. Sai da na durƙusa na same ta, a kanta ta can ƙasa, a lungu, bayan tsintsiya da bokiti. Ɗan tulu fari, bai fi kofin shayi biyu ba. An rubuta "Chizu, ta gidan yara." Babu sunan uwa, babu na uba.

Shekara arba'in da shida ina shiga ɗakin nan ina kai wa iyayenmu furanni.

Na matsar da bokitin. Abin da na iya yi ke nan.

Asabar, 22 ga Yuni, da safe

Bari in rubuta, tunda takarda ba ta kallon mutum.

A watana na farko a ofis, ina da shekara ashirin da uku, wasiƙa ta zo daga tsibiri tana wari. Na kai masa. Ya dubi sunan da ke baya, Hayami Misao, bai miƙo hannu ba. Ya ce, "Wannan baiwar Allah ba ta da cikakken hankali. Ki ajiye, ki aika mata cewa ina yi mata addu'a." Na ajiye. Na buga amsar a tafireta. Wata na zagayowa wata ta zo, na sake buga amsar. Daga baya ma ban ƙara kai masa ba.

Da tsinkayen cin abinci nake ɗaukarsu. Na ware guda biyu musamman, ina ajiye su a gwangwani a bayan taga. A lokacin an riga an san ana warkewa, an san takarda ba ta ɗaukar cuta. Na sani. Likita ya zo ya yi mana bayani a ɗakin taro, har na rubuta abin da ya faɗa na raba wa mutane.

Ba wanda ya ce in yi amfani da tsinke. Ni na ga dama.

Litinin, 24 ga Yuni, ƙarfe huɗu

Na jawo shi na buɗe. Ambulan ɗari biyu da huɗu, ɗaure da zare shekara-shekara, aikina tsaf. Ko ɗaya ba a yage bakinta ba. Na farko-farko rubutun ƙanana ne masu kyau. A hankali haruffan suka yi ta girma suna karkacewa, kamar an ɗaura alƙalamin a hannu. Na shekara uku na ƙarshe wani ne ya rubuta mata. Waɗansu suna da kauri, akwai abu mai laushi a ciki.

A bayan wata ta shekara ta takwas, da manyan haruffa: "Don Allah a buɗe. Maganar 'yata ce."

Na tuna ta. Na karanta wannan layin a ranar da ta zo. Ranar ana sauri, ana shirin tarbar baƙi daga Ingila, ni ce mai yanka kek.

Na mayar da ita cikin ɗaurin zarenta.

Talata, 25 ga Yuni, ƙarfe uku

Na nuna wa Rabaran littafin da kwalin. Ya karanta layi biyun a tsaye, ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Abin tausayi ne, Malama. Amma zamani ne. Ba za mu auna mutanen da da mudun yau ba."

Na ce, "Uwar fa?"

"Ai da wuya tana raye. In ma tana raye, me za mu ƙara mata in ba baƙin ciki ba? Akwai ƙa'ida a irin wannan. Takardun da suka shafi sirrin mutane akan rufe su shekara hamsin. Don kare ita baiwar Allahn ne."

Shekara hamsin. Har ta mutu, in mutu, shi ma ya mutu, kyankyasai su gama da sauran.

Da yamma Hideaki ya zo, da alama an yi masa waya. Likitan haƙori ne, yana magana yana kallon bakin mutum. Ya ce littattafan nan na iyali ne, kuskure aka yi aka haɗo da su. Na tambaye shi wa ya yanke shafi uku. Ya ce, "Wane shafi?" tun kafin in gaya masa na wace shekara. Kunnuwansa suka yi ja. Ban sani ba ko shi ne, ko uban ne, ko uwar. Ba kuma zan taɓa sani ba.

Dukansu ƙamshin sabulu suke yi.

Laraba, 26 ga Yuni, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Na buga waya ofishin tsibiri. Tana raye. Shekara tamanin da ɗaya, ba ta gani, amma kanta garau.

Alhamis, 27 ga Yuni, bayan abincin rana

Na gaya wa Yaya komai, har maganar tsinke. Tana ɓare wake, ba ta tsaya ba.

"Tsinkayen gidan nan?"

"A'a, na saya."

"To da sauƙi." Sannan ta ture kwanon. "Toki, tun kina yarinya haka kike. In aka ce ki zauna, sai ki zauna har ƙafarki ta mutu, ki dawo kina jin haushin kowa. Sati biyu kina shigo mini gida kina tir da wannan, tir da wancan. Yau dai kin kai kan ainihin mai laifin."

Na ce ban san ko ya kamata a gaya mata ba. Wataƙila Rabaran yana da gaskiya, wataƙila barin ta a haka ya fi.

"Ya fi wa? Ke dai faɗi gaskiya, tsoron zuwa kike yi. Tsoro kike kar a ba ki shayi."

Na tashi na shiga ɗaki. Ta ɗaga murya ta bayan ƙofa: "Jirgin safe ƙarfe tara ne. Na duba."

Asabar, 29 ga Yuni, da rana

Ruwa. Ban je ko'ina ba.

Talata, 2 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma, a jirgin ƙasa

Na je. Na kwashe wasiƙun duka a jakunkuna biyu, ban tambayi kowa ba.

Ba su fi mutum hamsin ba yanzu a tsibirin, duk tsofaffi, duk sun warke tun kafin gashina ya fara fari. Ma'aikaciyar jinya ta kai ni ɗakinta. 'Yar ƙaramar tsohuwa a kan kujera, da baƙin tabarau, hannuwanta a cinya. Yatsun sun tsaya a gaɓar farko. Na yi ƙoƙarin kada in kalla, sai na tuna ba ta ganina, sai na kalla, sai na ji kunyar hakan ma.

Na faɗi sunana da aikin da na yi.

Ta ce, "Au. Ke ce mai tafireta."

"Ni ce, Malama Hayami."

"'Bishop ya sami wasiƙarki, yana kuma yi miki addu'a.' Ko ɗigo ba ki taɓa canzawa ba. Maƙwabciyata takan ce, Misao, ga addu'arki ta wannan wata ta iso, a sa miki a miya?" Ta yi dariya, ita kaɗai. "Zauna mana. A ba ta shayi."

Aka kawo. Ita ta turo mini kofin da bayan hannunta. Na sha. Ta karkata kai tana saurare har ta ji na haɗiye.

Na ce na kawo mata wasiƙunta, kuma ba a taɓa buɗe ko ɗaya ba. Na ce ni ce ban buɗe ba.

"Na sani."

"Kin sani?"

"Kuturwa ce ni, ba sakarya ba."

"To me ya sa kika ci gaba da rubutawa?"

"Wa kike so in rubuta wa? Shi na miƙa wa ita a hannu." Ta gyara zama. "Duk shekara in ya zo ɗora mana hannun albarka, nakan tare shi a ƙofar majami'a. Ya ja baya kaɗan, ya ce, tana lafiya, tana girma, tana hannun mutanen kirki, kada ki nemi sanin inda take don kada a gane asalinta. Ni kuwa in ce na gode. Shekara da shekaru ina ce masa na gode."

Ban san da wannan ba. A can ofis na ɗauka shiru kawai ya yi mata. Ashe da bakinsa yake faɗa, yana sanye da rigar da zan dafa.

Ta ce, "Ba don ki kawo mini tsofaffin takardu kika hau jirgi ba. Tana ina?"

Na shirya kalmomi tun daga gida. Ko ɗaya ban samu ba. Na ce, "Chizu ta rasu."

"Yaushe?"

"Tana shekara biyar. Ƙyanda ce."

Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Tana ashirin da shida na aurar da ita. Malamin makaranta na ba ta, dogo, mai haƙuri. 'Ya'ya biyu, mace da namiji. Bara na sa ta bar aiki ta huta, gwiwa tana damunta." Ta juyo da fuskarta daidai inda nake. "Mutum huɗu kika kashe mini yau da rana tsaka, sakatariya."

Na sauka daga kujera na sa goshi a ƙasa. Ta ce in tashi, ba ta ganin irin wannan, wahalar banza nake yi.

Ta tambayi inda aka sa ta. Na gaya mata, ban ambaci bokiti ba. Ta ce, "Ki kawo mini ita. Akwai wuri a ɗakin tokarmu na nan, na riga na kama nawa. Mu biyu za mu shiga."

A tashar jirgin ruwa na shiga bayi na wanke hannuna da sabulu sau biyu. Sai da na gama na lura da abin da nake yi. Na rubuta a nan don kada gobe in ce ban yi ba.

Laraba, 3 ga Yuli, tsakar rana

Mutum huɗu.

Juma'a, 5 ga Yuli, ƙarfe huɗu

Rabaran ya gano wasiƙun ba sa nan. Ya ce dukiyar ikilisiya ce, abin da na yi yana da suna a doka. Game da tokar kuma, ya ce sai kwamiti ya zauna, kwamiti kuwa ba zai zauna ba sai bayan biki, wataƙila a watan Satumba. "Abin da ya jira shekara hamsin da shida, Malama, ai zai iya jiran wata biyu."

Na ce matar tana da shekara tamanin da ɗaya.

Ya ce, "Za mu sa ta a addu'a."

Da bakinsa ya faɗa, bai ko ji ba. Na tsaya ina kallon ɗan gashin da ke leƙowa daga hancinsa, don in na kalli idonsa ban san abin da zan yi ba.

Litinin, 8 ga Yuli, ƙarfe biyar

Yaya Sumie ta sa rigarta ta zuwa jana'iza ta ce za ta raka ni. Shekara hamsin rabonta da shiga coci. Ta zauna a ofishin Rabaran ba a ce ta zauna ba, ta ɗora jaka a kan teburinsa, a kan hoton bangon littafi.

Na miƙa masa takardar da ofishin tsibiri ya aiko, da hatimin Malama Hayami, tana neman tokar 'yarta. Ya fara maganar kwamiti.

Yaya ta ce, "Malam, dakata. Ni ba 'yar cocinku ba ce, girmanka bai shafe ni ba. Ranar Lahadi kuna da biki, ko? An ce har da 'yan jarida."

"Haka ne, Uwargida, amma..."

"To zan zo. Kujerar gaba zan zauna, don kunnena ya yi nauyi. Mai nauyin kunne kuwa ka san ba ya iya magana a hankali. In aka ce uban kutare, zan tambayi ƙanwata, Toki, wannan ne wanda ya ajiye 'yar mutane a bayan bokiti?"

Rabaran ya dube ni. Na dubi bango.

Daga nan aka shiga ciniki. Zai ba da tulun ranar Alhamis da sassafe, ta ƙofar baya, ba sanarwa. Ba zai ƙara ta da maganar wasiƙu ba. Ni kuma in mayar da mabuɗi, littafin 1963 ya koma hannun Hideaki, kada in yi magana da kowa kafin biki ko bayansa.

Na yarda. A kan tokar yarinya 'yar shekara biyar muka yi ciniki, ni da mai hidimar Allah, har muka sunkuya wa juna da aka gama.

A hanya Yaya ta ce, "Kin sayar da arha." Na ce na sani. Ta saya mana gasasshen dankali a bakin tasha, muka ci a tsaye kamar yara.

Laraba, 10 ga Yuli, ƙarfe uku

Na gama jerin. Kwali sittin da uku, shafi casa'in. A gaban lamba arba'in da ɗaya na rubuta: "Wasiƙu 204 daga Hayami Misao zuwa ga Bishop, game da 'yarta Chizu. Ba a buɗe ko ɗaya ba. Sakatariya T. Ushijima ce ta ajiye su. An mayar wa mai su." A gaban littafin 1963 na rubuta cewa an yanke shafi uku, kuma iyali sun karɓe shi.

Na yi alkawarin ba zan yi magana ba. Ban yi alkawarin zan yi jerin ƙarya ba. In ya ga dama ya goge, da hannunsa zai goge.

Na ajiye mabuɗin a kan teburinsa. Ba ya nan.

Alhamis, 11 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma, a jirgin ƙasa

Ƙarfe bakwai na safe ya miƙo mini tulun a ƙofar baya, a cikin ledar kanti. Leda! Na cire shi a gabansa, na naɗe shi a farin ƙyallen da Yaya ta goge jiya, na miƙa masa ledarsa. Ya tambaya ko yana iya yin 'yar addu'a. Na ce jirgi zai tafi ya bar ni.

A cinyata na riƙe ta har tsibiri. Teku ya ɗan tashi, na rungume ta da hannu biyu. Wani mai kai kayan miya ya tambaye ni ko jikata ce. Na ce a'a, 'yar wata ce, gida zan kai ta.

Malama Hayami ta sa an yi mata kitso, ta sa riga mai furanni. Wasiƙun suna jere a kan tabarma, an buɗe waɗansu. Abin laushin da ke ciki safa ne na ulu, saƙar hannu, kowace shekara sun fi na bara girma. Waɗanda aka fitar duka na babbar mace ne.

Na durƙusa na ɗora mata tulun a cinya. Ta kama shi da tafukan hannunta biyu, ta ɗaga, ta sauke, ta sake ɗagawa.

"Ranar da na miƙa ta, ta fi haka nauyi."

Ta bi murfin da leɓenta, don da leɓe take gane abu yanzu. Sannan ta ce, "Sakatariya, wasiƙun nan na manta abin da na rubuta a ciki. Yaran nan masu jinya suna da aiki, kuma ba sa gane tsohon rubutu. Za ki riƙa zuwa duk Alhamis ki karanta mana, ni da ita, daga ta farko."

Na ce to.

"Kada ki ɗauka yafe miki na yi. Ido nake nema."

Na ce na gane.

"To fita ki ba mu wuri."

Na fita na ja ƙofar, na zauna a kan dakalin waje. Da farko ban ji komai ba. Can sai muryarta ta fito, ba irin wadda take yi mini magana da ita ba, wata ce daban, ta ƙauye, irin ta mace mai kiran yaro daga bakin ƙofa. Faɗa take yi.

"Ina kika shiga ne, ja'ira? Tun yaushe nake nemanki? Dubi yadda kika yi sanyi. Zo nan. Zo nan na ce."